Firjin da Ba Namu Ba

Cebu, 27 ga Afrilu, 1997

Tiya Pasing,

Ina gaishe ki da mijinki Tiyo Berting da ƙanwata Ailyn, da fatan takardar nan ta same ku lafiya. Yaya gwiwar? Maganin da na aiko ƙwaya ɗaya ake sha da safe bayan an ci abinci, ba biyu ba, kuma ba na rabawa maƙwabta ba ne. Ni lafiya lau, sai tarin da bai gama sakina ba. Yau kwanana goma sha ɗaya da fara aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti.

Ga dalilin rubutowata. Ranar Juma'a na tsallaka Tagbilaran na duba allon ofishin tallafin karatu na lardi da idona. Ailyn ta ci jarrabawar. Yara ɗari biyu da goma sha huɗu suka rubuta, gurbi goma sha biyar ne, ita ce ta tara. In aka tabbatar da ita, lardi zai biya mata kuɗin kwalejin ungozoma ta sistocin coci, peso dubu bakwai da ɗari huɗu kowane zango, har shekara biyu. Kin san kwalejin ba ta gwamnati ba ce, kuma ita kaɗai ke koyar da aikin a kusa da mu. In babu tallafin nan babu karatun. Albashina da ƙyar yake kai ni ƙarshen wata.

Saura mataki ɗaya. Za su turo wata jami'a, Madam Sarmiento, ta zo gida ta ga ko abin da na cike a fom gaskiya ne. Tana zuwa da takarda, kowane kayan gida da makinsa. Firji takwas, talabijin biyar, kujerun kushin huɗu, fanka biyu, kwalekwale mai inji goma. Duk gidan da ya haura maki ashirin an cire ɗansa. Na rubuta abin da muke da shi: rufin ganye, rediyo ɗaya, benci biyu, kwalekwalen Tiyo na tuƙin hannu. Na haɗa sau uku, makinmu shida ne.

Tiya, innata, don Allah ki bar gidan yadda yake. Kada ki aro komai. Ke kika raine ni, na san hali. Ranar da Fada, limamin coci, ya zo duba kakarmu kujera shida kika aro, shi kuwa mutum ɗaya ne, kuma bai zauna ba.

Madam za ta aiko ta tambayi ranar da ta dace da ku. Ki zaɓi ranar da ba a komai, Talata ko Laraba.

Ɗanki,
Renante

*

Hinablan, 4 ga Mayu

Dong,

Takardarka ta iso hannun Manong Isko mai jirgin fito, gefe ɗaya a jiƙe amma ta karantu. Muna nan lafiya. Gwiwa da sauƙi. Maganin ya ƙare, don ita ma maƙwabciyarmu Manang Doring gwiwarta ba ta ƙarfe ba ce. Tarin nan naka kuwa citta za ka dafa da lemun tsami, ka daina kwana da gashi a jiƙe. Kana aiki a asibiti kana tari, me marasa lafiyar za su ce?

Ailyn ta yi kuka da ta ji labarin, ta dawo ta yi dariya. Tiyonka ya ce shi tun tana goye ya sani. Ni na je coci na kunna kyandir biyu, ɗaya nata ɗaya naka.

Amma Dong, ɗana Renante, wata guda da gama makaranta har ka fara koya mini karɓar baƙo? Na karanta wurin sau biyu, na ɗauka idona ne. Wato matar gwamnati ta ratso teku awa biyu, in zaunar da ita a bencin da ƙafarsa ɗaya ke kan dutse, ta koma birni ta ce mutanen Hinablan ba su san darajar mutum ba? Uwarka, Allah ya jiƙanta, da ta ji wannan da ta ja maka kunne. Ailyn ma ta fara irin maganarka, na ce ta tashi ta ba alade abinci.

Ka kwantar da hankalinka, na gama shirya komai. Madam ta aiko ta hannun mai unguwarmu, Kapitan Teryo, tana tambayar rana. Na ce ta zo goma sha biyar ga wata, ranar fiyesta, bikin Waliyyi Isidro. Wace rana ta fi wannan? Duk shekara ranar kaɗai gidan nan ke kama da gida. Aladen ya yi ƙibar da ko tashi ba ya iyawa. Wai Talata. Ranar Talata me zan ba ta, rogo da busasshen kifi?

Ka zo fiyesta in sun sake ka. Ka taho da sukari.

Tiyarka,
Pasing

*

Cebu, 8 ga Mayu

Tiya Pasing,

Ina fatan kuna lafiya. Tari ya ragu, na sha cittar. A gaida Tiyo.

Na karanta takardarki a tsaye, sannan na nemi wuri na zauna na sake karantawa. Tiya, cikin kwana ɗari uku da sittin da biyar na shekara, kin zaɓi rana ɗaya tilo da bai kamata matar nan ta ga gidanmu ba.

Bari in tuna miki yadda gidan yake ranar fiyesta, tunda bara ni na yi ɗaukar kayan. Firjin Manang Doring, wanda ɗanta mai aikin jirgin ruwa ya aiko mata, yana falonmu, an jawo masa wuta daga janaretonta. Talabijin na ƙanin Kapitan yana kan tebur. Kujerun kushin na malamar firamare suna jikin bango. Takwas da biyar da huɗu goma sha bakwai ne. Ki ɗora a kan shidanmu, ashirin da uku ke nan. An haura da uku, tun ba a kunna fanka ba.

Madam Sarmiento ba baƙuwar biki ba ce. Aikinta ta ga talaucinmu ta rubuta, mu kuma namu mu bar ta ta gani. Na san maganar ba daɗin ji, amma lardi ba ya ba ɗan gidan da ke da firji tallafi. Kwana biyu ina kiran ofishinsu daga wayar asibiti, ana ce mini tana zagayen tsibirai. Na nemi hutun kwana ɗaya, shugabata ta ce wanda bai cika wata uku ba ba shi da hutu, ko fiyestar wa ake yi.

Saboda haka ki tura Ailyn wurin Kapitan yau ɗin nan a canza ranar. In ba ta canzu ba, ki tari Madam tun daga bakin ƙofa ki gaya mata kayan nan duk na aro ne, ki faɗi sunan mai kowanne. Ba abin kunya ba ne. Kowa a Hinablan ya san firjin Manang Doring, har lotsawar da ke ƙofarsa.

Sukari kilo biyu na hannun Manong Isko tare da takardar nan. Don Allah ki ba ni amsa a jirgin Litinin.

Ɗanki,
Renante

*

Hinablan, 17 ga Mayu

Dong,

Muna lafiya, sai gajiyar biki. Tiyonka har yanzu kansa na sara masa, shi ya jawo wa kansa. Sukari ya iso a kan kari, an gode. Takardarka kuwa sai jiya ta zo hannuna. Manong Isko ya sa ta a aljihun rigarsa ya tafi fentin jirgi don jerin gwanon Waliyyi, sai da matarsa ta zo wanki ta gan ta. Na karanta. Duk wannan tashin hankalin naka a banza, don komai ya tafi daidai.

Madam ta iso da hantsi, 'yar siririya da tabarau, kamar ba ta taɓa ƙoshi ba. Na zaunar da ita a kushin ta tsakiya, na juya mata fankar Manang Doring. Ta ce ita aiki ya kawo ta. Na ce, "Madam, ai aikin ba zai gudu ba, fatar aladen ce za ta huce." Sau biyu na ƙara mata, na ukun ta rufe farantin da hannu. Ba ta fita ba sai da na ƙulle mata cinya da wainar shinkafa ta kai wa yara.

Ta yi rubutu sosai, alamar ta gamsu. Da ta zo gaban firjin ta tsaya ta ce, "Nay, mama, wannan naku ne?" To Dong, ka sa kanka a matsayina. Manang Doring na tsaye a gefena da faranti a hannu, matar Kapitan na zaune, ga baƙin da suka zo daga Ubay sun cika falo. Me zan ce? Na ce, "Namu ne, Madam, ɗan ƙarami ne dai." Doring, Allah ya yi mata albarka, ta ce, "Ai Pasing akwai kula da kaya, dubi yadda yake sheƙi." Haka ake maƙwabtaka. Madam ta dube ni ta saman tabarau ta sake cewa, "Naku ne na kanku?" Na ce ƙwarai. Ailyn ta buɗe baki daga bayana, na taka mata ƙafa.

Ta tambayi Tiyonka da me yake kamun kifi. Lokacin ya riga ya sha bammin kwakwa kofi huɗu. Ya kai ta taga ya nuna bakin ruwa ya ce, "Ga shi can." Shi ya rantse nasa ya nuna. Sai dai jirgin Manong Isko ne a gaba, da sabon fenti da tutoci, nasa na bayansa a kife.

Matar Kapitan ta ce mini bana gidanmu ya fi kowane gida tsari. Shekara ashirin ina jiran matar nan ta faɗi haka.

Ailyn ba ta yi mini magana tun ranar. Ku yaran makaranta duk halinku ɗaya.

Tiyarka,
Pasing

*

Cebu, 24 ga Mayu

Tiya Pasing,

Ina gaishe ku. Ni ba zan ce lafiyata ƙalau ba.

Jiya Juma'a na ba abokin aikina hutuna na Lahadi ya riƙe mini aiki, na tafi Tagbilaran. An ja layi da jan biro a kan sunan Ailyn. Na roƙi magatakarda ya nuna mini takardar Madam. Firji, talabijin, kushin, fanka, da kwalekwale mai inji, a kan shidanmu. Maki talatin da biyar. Gidan mai kantin magani na Ubay ma talatin da ɗaya aka ba su. A ƙasa an rubuta cewa abin da aka gani ya saɓa wa abin da aka cike a fom. Yarinyar da ta zo ta goma sha shida an riga an aika mata ta shirya.

Jirgin Manong Isko, Tiya. Ko a lissafina mafi muni ban kawo jirgin Manong Isko ba.

Na zauna da magatakardan awa ɗaya da minti ashirin har ya gaji ya buɗe mini littafin doka. Akwai hanya ɗaya. Ana karɓar ƙorafi har ƙarfe biyar na yammacin Litinin, biyu ga Yuni. Abin da ake so takardar rantsuwa ce a gaban mai unguwa. Mai gida da kanta za ta faɗi kowane kaya da aka gani a gidan ranar, ta ce ba nata ba ne, ta faɗi mai shi. Mai kayan kuma ya sa hannu cewa nasa ne. Shaidu biyu, da hatimin Kapitan. Na tambaya ko ni zan iya rantsewa a madadinki, aka ce a'a, bakin da ya ce "namu ne" shi zai warware. Na tambaya ko za a iya yi a ɓoye, ya ce ofishin mai unguwarku yana da ƙofa? Na ce ba shi da ita.

Na kwafe miki yadda za a tsara takardar a bayan wannan. Kada a tsallake komai, har fankar.

Ailyn ta yi shekara guda tana karatu da fitilar kananzir. Ta doke yara ɗari biyu da biyar. Ke kuma kin sayar da wannan duka don matar Kapitan ta yaba miki labule. An ce kayan aro ba ya rufe katara, namu ya ma tafi da zanen da muke ɗaure da shi.

Renante

*

Cebu, 29 ga Mayu

Tiya Pasing,

Ina fatan kuna lafiya, ke da Tiyo da Ailyn. Jirgin Litinin ya zo babu amsa, na Laraba ma haka. Na aika a tambayi Manong Isko ko takardar na aljihunsa. Ya ce a hannunki ya sa ta, kin karanta a gabansa, kin ninke ta huɗu kin shige gida ba ki ce masa ko sannu ba.

Maganar da na rufe takardata da ita ba ta dace ba. Ke kika sayar da 'yan kunnenki aka yi mini rajistar shekarar farko, ban manta ba. Na janye maganar, ki yi haƙuri. Lissafin ne ba zan iya janyewa ba, don ba ni na yi shi ba.

Saura kwana huɗu. Ranar Litinin jirgi na barin Hinablan ƙarfe shida na safe, ya isa Ubay takwas. Motar Tagbilaran awa uku da rabi ce in ba ta lalace ba, kuma takan lalace. Ofishin na hawa na biyu, ƙofa ta uku a hagu, suna tafiya cin abinci daga sha biyu zuwa ɗaya. In kin ƙi jin tawa, ki dubi Ailyn. Ban san abin da zan ƙara ba. Jiya na ɗebi jinin mutum na manta ban rubuta sunansa a kwalbar ba, sai da na bi shi har bakin titi.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Ɗanki,
Renante

*

Hinablan, 3 ga Yuni

Dong,

Muna lafiya. Gwiwa ta kumbura saboda matakalar ofishin nan naku, ka aiko da wani maganin. Ka kuma daina bin mutane titi da kwalbar jini, za su kore ka.

Ban amsa maka ba don da na amsa a ranar da ba ka ƙara kirana Tiya ba. Na ce a raina ba zan yi ba. Shekarata hamsin da ɗaya a tsibirin nan, mun kwana da yunwa ba sau ɗaya ba, amma ba wanda ya taɓa jin "ba ni da shi" daga bakina.

Ranar Asabar na fita shanya kifi, na hango Ailyn a bakin ruwa tana magana da matar Manong Isko. Da daɗewa na san matar tana kai 'yan mata aikatau gidajen Cebu. Na tambayi Ailyn me suke cewa. Ta ce, "Ba komai, Nay, na ce ta sa ni a layi ne." Ba ta yi fushi ba, ba ta yi kuka ba, ta karɓi tiren kifin daga hannuna ta ci gaba da jerawa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Lahadi ana fitowa daga coci na tari Kapitan. Na so mu yi abin mu biyu, amma ka san keken rubutunsa, ana jin ƙararsa har bakin ruwa. Kafin ya gama buga sunana rabin cocin na tsaye a taga. Shi kuma ba ya buga layi sai ya karanta da ƙarfi. "Firji ɗaya, fari. Naki ne, Pasing?" In ce ba nawa ba ne. "Talabijin?" Ba nawa ba ne. Ka ce kada a tsallake komai, to ban tsallake ba. Labule, farantai dozin biyu, agogon bango, har rigar da na sa ranar, ta ƙanwar Doring ce. Tunda kana son lissafi, sau goma sha tara na faɗa. Matar Kapitan na tsaye tana fifita, ni kuwa ban dube ta ba.

Wahalar ba a nan take ba. Da aka zo sa hannu Doring ta ƙi. Ta ce, "Ni in rubuta a takardar gwamnati cewa maƙwabciyata ba ta da firji? Ban taɓa tona wa kowa asiri ba, ba zan fara da ke ba, Pasing. Na ba ki shi kyauta, naki ne." Ka ji fa. Na ce, "Manang, in kin ba ni firjin nan kin kashe ni." Sai da na riƙe hannunta a gaban mutane ina roƙonta ta kunyata ni, tana kuka ina kuka, Kapitan na jira da biro. Da ƙyar ta dangwala. Malamar firamare da ƙanin Kapitan ba su ba da wahala ba. Manong Isko kuwa dariya ya yi ta yi, ya ce shekara tara yana biyan bashin injin nan ashe na Berting ne. Tiyonka ya sa hannu ya fita, tun ranar bai je wurin shan bammi ba.

Jiya na kai da kaina. Motar ta lalace kamar yadda ka yi mata baki. Ƙarfe uku da kwata na miƙa takardar a hannun Madam Sarmiento. Ta karanta har ƙasa, ta cire tabarau ta ce, "Nay, ni ma 'yar tsibiri ce. Na ga igiyar wutar firjin ta bi ta taga ta shiga gidan maƙwabta. Shi ya sa na tambaye ki sau biyu. Amma abin da mai gida ta faɗa shi doka ta ce in rubuta." Na ce to me ya hana ta ja ni gefe? Ta ce ta gwada, na cika mata baki da nama.

Ta shiga wurin shugabansu, na zauna a benci kusan awa guda. Da ta fito ta kai ni gaban allon, ta sa magatakardan nan naka ya sake rubuta sunan a kan idona. Ailyn Abarquez, ta tara. Na sa ya karanta mini, sannan na karanta da kaina.

Za su fara goma sha shida ga wata. Sistocin sun ce ta zo da farar riga biyu da farin takalmi. Rigunan zan ɗinka. Ƙanwar Doring ta aiko da takalmin 'yarta, na mayar mata da godiya. Ka sayo a Cebu in an biya ku albashi. Lamba biyar take sawa, mai igiya, kuma sabo nake so.

Tiyarka,
Pasing